Rahila, Ni Na Mayar da Ledar

Sabon Tasha, Kaduna
Ranar Alhamis da rana

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare motar da kika shiga da direbanta da duk wanda ke ciki, ya sauke ki Abuja lafiya a hannun gwaggonki Saratu. Zan ba mamanki takardar ta sa miki a jaka gobe da safe, kuma zan ce ta gaya miki kada ki buɗe sai mota ta tashi. Idan ta bi maganata, abin da ba kullum take yi ba, to yanzu kin wuce Gonin Gora, kin gama sayen burodi ta taga. Ki gyara zama, domin abin da zan faɗa miki wata biyu cur bakina ya kasa furta shi.

Kin ce mana za ki je ki taya gwaggonki zaman shagon atamfa. Kin ce kin haƙura da aikin kwamfuta, wai hannunki ba na wannan sana'a ba ne, tunda wadda ta yi shekara huɗu tana karatun abu, sannan ta manta leda a gindin ƙarfen sanyaya kwamfuta, ba ta cancanci a ba ta kayan mutane ba. Rahila, ba ki manta komai ba. Kin cire ledar nan da hannunki, kamar yadda kika yi ta rantsuwa a shagon Oga Emeka mai kayan kwamfuta ana yi miki dariya. Ni ne na tsince ta a ƙasa na mayar. Ni, ubanki.

Bari in faɗa miki yadda aka yi tun daga farko, don kada ki ce tsoho ya ɗauki laifi ne kawai domin ya lallashe ki.

Kin tuna Asabar ɗin da kika baje kayan a kan teburin falo? Kusan shekara biyu kina tara su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kwalinsa, kin hana kowa taɓawa. Kin ce wannan ba kwamfutar buga takarda ba ce, ta gem ce, wato wasan kwamfuta, kuma Sunday mai gidan gem na Mahuta ya yi miki alkawari: in ya ga ta yi gudu yadda yake so, ke za ki harhaɗa masa duk injinan sabon shagonsa. Da rana na dawo daga shago cin abinci, na tarar ba kya falo. 'Yan zumuntar mata ne suka zo duba ƙafar mamanki, aka kira ki ki kawo ruwa ki gaishe su. Kin san gaisuwar matan nan, sai an tambayi lafiyar kowa har kajin gida.

Na tsaya a kan teburin ina kallo. Ga wani ƙarfe mai fanka a jikinsa an kifa shi, gindinsa na sama, jan ƙarfe ne sumul yana ƙyalli har ina ganin fuskata. A ƙasa kusa da ƙafar kujera kuma ga 'yar leda garau, daidai faɗinsa. Abin da ya zo mini a rai shi ne, yarinyar nan da garaje take, ta bar sabon abu tsirara zai karce. Shekara talatin ina ɗinka kujerun kushin a Sabon Tasha, babu kujerar da ta taɓa fita daga shagona ba leda. Ke shaida ce, kujerun falonmu tun kina firamare suke cikin ledarsu, rimot ɗin talabijin ma haka, katifata kuwa har yau in na juya sai maƙwabta sun ji. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ɗauki ledar, na goge ta da gefen rigata, na shimfiɗa ta a kan jan ƙarfen, na bi ta da babban yatsa har ba sauran iska a ciki. Akwai ɗan kunne a gefe mai jan rubutu, ya lanƙwashe ya yi datti, sai na zaro almakashi daga aljihu na datse shi, na gyara gefen tsaf. Ban sa tabarau ba, ban karanta rubutun ba. Na ja da baya na duba, ko ni da na manna ta da ƙyar nake ganinta. Har daɗi na ji, wai na taimaki 'yata. Na shiga ciki na ci tuwona na koma shago, kafin yamma na manta da zancen.

Mutum ya shiga aikin da bai san kansa ba, ya lalata shi cikin minti biyu, ya fita yana jin ya yi alheri! Inda za ki je za ki ga abubuwa da yawa an ajiye su ba yadda kika saba ba, a gidan gwaggonki, a shago, a ko'ina. Hannunki zai yi ƙaiƙayi, domin jinina ne a jikinki. Ki tambaya tukuna. "Wannan haka ake barinsa?" bai fi numfashi ɗaya ba. Da na leƙa tsakar gida na yi miki wannan tambaya, da yau ba na zaune ina rubuta wannan takarda. Abin da ya hana ni kuwa, in faɗa miki gaskiya, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wani abu a cikin gidana da sai na tambayi 'yar da na haifa a kansa ba.

Kika dawo, kika shafa man nan mai ruwan toka a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, kika juya ƙarfen kika ɗaure. Me zai sa ki sake dubawa, tunda kin san kin cire? Da yamma kika kunna, fitilu suka kama ja da shuɗi, mamanki ta yi guɗa da ƙafarta mai ciwo. Ranar Litinin na bar shago na sa babbar riga na raka ki Mahuta a keke mai ƙafa uku, ina rungume da injin a cinyata, ina faɗa wa mai keken ya bi ramuka a hankali, 'yata ce ta haɗa.

Ba zan manta da wannan rana ba. Samari sun cika gidan gem ɗin, Sunday ya sa musu wasan ƙwallo. Da farko hoto yana tafiya sumul, har wani ya ce, "Kai, Sista ta iya!" Ni kuwa ina baza riga ina duban fuskokin mutane. Ba a jima ba fanka ta soma kuka kamar injin markaɗe. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya buga ƙwallo sai ya daskare, can ya zabura, ƙwallo ta riga ta fita waje. Ya sake daskarewa. Wani ya jefar da abin bugawa ya ce wayarsa ta fi wannan gudu. Sunday dai bai yi miki wulaƙanci ba, ya ce, "Sista, je ki gyara ki dawo, ina jiranki zuwa ƙarshen wata." Muka dawo gida a keke.

Satin da ya biyo baya na ga abin da ban taɓa sanin kina da shi ba. Kin ɗauko littafi da biro. Kin ce ba za ki canja abu biyu lokaci ɗaya ba, sai ɗaya, ki kunna gem ki gani, ki rubuta. Kin duba ko wayar allo a jikin katin hoto take ko kin sa ta a ramin da ba nata ba. Kin zare sandunan nan biyu da kike kira ram, kin sauya musu wuri. Kin sabunta manhajar katin, da bai yi ba kika goge komai kika sake zubawa daga farko. Kin rage kyan hoton har 'yan wasan suka koma kamar zanen yara, duk da haka suna daskarewa. Kin ce ko wuta ce ba ta da ƙarfi, kika aro sitabilaiza a maƙwabta, kika gwada da janareta. Har fankar falo kika jawo kika buɗe gefen injin kika saita masa, mu muna zaune muna zufa cikin zafin bazara. Kowanne kika yi sai ki ja masa layi a littafin. Ina zaune ina kallo ina mamaki, ina cewa a raina ina yarinyar nan ta koyi wannan haƙuri, don ba a wurina ba ne.

Ranar Juma'a da hantsi kika kira ni, kika nuna mini wata lamba a kusurwar allo tana hawa tana komawa ja. Kika ce, "Baba, ka gani? Katin lafiyarsa lau. Ƙwaƙwalwar ce ke ɗaukar zafi, in ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa yake farawa lafiya sannan ya lalace. Abu ɗaya ya rage, zan kwance ƙarfen sanyayan in duba zamansa."

Sukudireba na hannunki, Rahila. Har kin ɗora shi a kan sukuru na farko.

Na ce, "Kul! Kada ki taɓa."

Kika ce, "Baba, minti goma ne kawai."

Na ce, "In kin kwance, Emeka zai ce ke kika lalata. Ni in mutum ya farke ɗinkin kujera sannan ya dawo mini da ita, ina karɓa? A bar shi yadda yake, a kai masa kayansa ya gani da idonsa. Ƙonanniyar ƙwaƙwalwa ya sayar miki."

Kika ce, "Ba mu tabbatar ba tukuna, Baba."

Na ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Kika ajiye sukudireban a hankali kika ce to.

Yesu! Sukuru huɗu ne tsakaninki da gaskiya, a cikin falonmu, ba mai gani sai ni da ke. Da kin kwance, da kin ga ledar, da mun yi 'yar rigimarmu ta gida mun yi dariya, da ranar Litinin kin koma Mahuta. Ni na tare ki. Za ki ce, da kika ambaci ƙarfen ban tuna abin da na yi ba? Allah ya sani ban haɗa biyun ba. A kaina leda kariya ce, ban taɓa jin inda ta ɓata abu ba.

To ki ji ni da kyau a nan, domin wannan ya fi ba ni tsoro a kanki. Mun yi miki tarbiyya ki ce to in babba ya yi magana, kuma kin ɗauka fiye da yadda muka zata. Amma ranar nan ke ce mai sani, ni ne jahili, kuma murya kawai na fi ki. Za ki haɗu da irina da yawa, masu furfura, masu kujera, masu babbar murya. Ki girmama su, ki rusuna in ya kama. Sai dai in aikinki ne, kin bi shi mataki-mataki, kin ga inda matsala take, kada ki ajiye kayan aiki don an daka miki tsawa. Ki ce, "Baba, ka yi haƙuri, bari in nuna maka," ki ci gaba da kwancewa. Fushin tsoho na rabin yini ne, da yamma zai nemi abincinsa.

Washegari Asabar na tasa ki gaba zuwa Kakuri, shagon Emeka. Kin san Oga Emeka ba baƙo ba ne a wurinmu. Ni na ɗinka kujerun aurensa, ya zo bikin sunan ƙanwarki, kuma duk kayan nan shi ya riƙa nemo miki su ɗaya-ɗaya. Duk wannan bai hana ni ba. Tun daga bakin layi na soma ɗaga murya don maƙwabtansa su ji. Na ce ya ɗauko tsohon kaya da aka ƙona ya sa a sabon kwali ya sayar wa yarinya don ya ga mace ce. Na ce shekara ashirin ina yi masa kallon mutumin kirki ashe macuci ne. Masu shaguna suka fito, masu sayayya suka tsaya, har mai gyaran waya na tsallaken titi ya bar teburinsa ya taho. Kina jan hannun rigata kina cewa, "Baba, don Allah," ina fizgewa.

Emeka ya miƙe, idonsa ya yi ja, amma bai rama ba. Ya ce, "Baba, abeg, ka zauna. Mu buɗe tukuna. In kayana ne ba kyau, ka faɗa wa duk Kakuri, ni zan riƙe maka lasifika."

Na ce ba zan zauna ba. Ya ɗora injin a kan tebur, ya kwance sukurorin nan huɗu da na hana ki, ya ɗaga ƙarfen ya juya shi. Ya tsaya yana kallo. Ya sa farce ya kankare man a gefe, sai ga abu ya ɗago. Ya jawo ta a hankali, ya ɗaga sama don kowa ya gani, ta yi dame-dame da mai.

Ya ce, "Madam injiniya, wetin be dis, mene ne wannan? Kin sa wa ƙwaƙwalwa rigar ruwa, kina so ta sha iska?"

Wurin ya fashe da dariya. Kika ce, "Na cire ta! Oga, na rantse na cire, da hannuna na yar a ƙasa!" Wani daga baya ya ce to aljani ne ya mayar. Aka sake fashewa.

Ni ban yi dariya ba. Ina kallon gefen ledar da ke hannun Emeka. Gefe uku yankan inji ne, miƙe sak. Na huɗun yana da ɗan lanƙwasa a kusurwa, irin wanda nake yi wa ledar hannun kujera don kada ta soki mutum. Yankan almakashina ne. Ko cikin dubu zan gane shi. Asabar ɗin nan ta dawo mini gaba ɗaya, har ɗanɗanon miyar da na ci.

Kika juyo kika kalle ni, idonki cike da hawaye, kina neman wanda zai ce ya yarda da ke. Kin san abin da na ce, amma zan rubuta shi don in gan shi da idona. Na ce, "Haba Rahila, ai sai ki riƙa lura."

Na faɗi haka. Da bakina. Ina sane.

Tun da na yi wayo ban taɓa tsammanin zan iya irin wannan ba. Ni da nake dattijo a ikkilisiya, ni da ake kira in sasanta ma'aurata, ni da na zane ki kina 'yar shekara takwas don kin fasa kofi kin ce kyanwa ce. Abin da ya faru a cikina bai fi ƙiftawar ido ba. Na dubi mutanen da na tara da bakina, na tuna irin maganganun da na gama faɗa, na ga in na ce ni ne, dariyar nan kaina za ta dawo, kuma har in mutu ana ba da labarina a Kakuri. Sai na bar ta a kanki. Emeka ya goge ƙarfen, ya sa sabon mai, ya ɗaure, ya kunna gem. Aka yi wasa biyu cur hoto bai ko girgiza ba, fanka shiru. Ke kuma kika durƙusa a gaban mutane kika ba shi haƙuri a kan zagin da ni na yi masa. Ina tsaye ina gyara hula.

Akwai abu biyu a nan, ban san wanda ya fi muni ba. Na zargi mutum kafin a buɗe injin. Kada ki taɓa yin haka, 'yata, ko da kin tabbata a ranki, domin tabbacin da ke cikin rai ba shaida ba ne, ni ma na tabbata ranar. In kina da ƙorafi a kan mutum ki ja shi gefe, ki rage murya, ku duba abin tare. In kin yi gaskiya ba ki rasa komai ba, in kin yi kuskure mutum ɗaya ne ya gani. Ni da na tara jama'a, kaina na rufe wa ƙofar fita, shi ya sa da gaskiya ta fito na rasa inda zan bi sai ta kanki.

Ɗayan kuwa shi ne shirun. Na ce a raina in mun isa gida zan faɗa miki. Muka isa, kika shiga ɗaki kika rufe, na ce bari ta huce, gobe. Gobe Lahadi ce, na ce ba a ɓata ranar Ubangiji. Kafin Laraba labari ya kai Mahuta, Sunday ya ba wani aikin, samarin gidan gem suka laƙaba miki Sista Leda. Daga nan abin ya fi ƙarfina, domin yanzu ba leda kaɗai zan amsa ba, har da aikin da kika rasa da kwanakin da na yi shiru. Kullum sai ya ƙara nauyi. Ina ganinki kin daina kunna injin da ya warke sarai. Maƙwabciya ta kawo laftof ɗin ɗanta, kika ce ta kai wani wuri kada ki ɓata mata. Na ji ki kina faɗa wa mamanki a kicin, "Mama, abin da ke ba ni tsoro, har yanzu ina ganin kaina ina cire ta. In har zan iya tuna abin da ban yi ba, to kaina ba daidai yake ba." Na ji wannan ina bakin famfo zan ci abinci, na wanke hannu na je na ci. Ki duba irin mutumin da ya haife ki.

Saboda haka in kin yi kuskure, ki faɗe shi a cikin sa'ar da kika gane, tun yana ƙarami. Kunyar lokacin tana da zafi, amma ranar take ƙarewa. In kin ɗaga zuwa gobe, kin soma ƙarya ke nan ko ba ki buɗe baki ba. Kuma ki lura da wanda ke ɗauke miki nauyin shirunki, domin kullum akwai shi, kuma yawanci wanda ya fi yarda da ke ne.

Ranar Litinin da kika tafi kasuwa sayen jakar tafiya na kasa jurewa. Na sami mamanki tana tsince shinkafa na faɗa mata. Ta ajiye tiren a ƙasa ta ce, "Bitrus, maimaita." Na maimaita. Ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Wayyo ni! Wata biyu? Kana zaune a gidan nan kana cin tuwon da yarinyar nan ke tuƙawa, kana ganin tana ramewa, har kana yi mata addu'ar Allah ya ba ta natsuwa?" Ban taɓa ganin ta kalle ni haka ba cikin shekarun aurenmu. Na ce ta taya ni faɗa miki. Ta ce, "Ni? Da ni kuka manna? Inda ka kunyata ta, can za ka fara zuwa ka wanke ta."

Jiya Laraba na je Kakuri ni kaɗai. Emeka ya gan ni ya ɗaure fuska, don tun ranar bai sake gaishe ni ba, kuma yana da gaskiya. Na ce ya taimake ni ya kira maƙwabtansa, waɗanda suka fito ranar. Ya ce, "Baba, wani faɗan ne kuma?" Na ce ya dai kira su. Suka taru, har mai gyaran wayan tsallake. Na cire hulata na faɗa musu komai, daga tsintar ledar har almakashi, har hana ki kwancewa, har maganar da na yi miki a gabansu. Na ce Emeka ba macuci ba ne, 'yata ba sakarya ba ce, tsohon da ke gabansu shi ne duka biyun. Na zata za su yi dariya. Ba wanda ya yi. Wata mata mai sayar da caja ta ce, "Kai, Baba, ba ka kyauta ba," ta juya ta koma shagonta. Wannan ya fi mini dariyar ciwo.

Sai Emeka ya ce, "Baba, nawa na yafe. Amma ni ma ina da laifi, ni na ɗaga ledar sama na sa aka yi mata dariya. Ranar da na buɗe injin nan na ga yadda ta jera wayoyi ta ɗaure su, ko masu shekara goma a layin nan ba sa yin haka. Kuma ita ta gano zafi ne tun kafin ku zo. Na so in faɗa, haushinka ya hana ni." Ya ɗauko waya a gabana ya kira Sunday ya ba shi labari. Sunday ya ce ya ji, kuma zai faɗa wa samarin, amma aikin ya riga ya tafi, an ma gama haɗa injinan. Ba zan yi miki ƙarya in ce na gyara komai ba. Wannan aikin na cinye miki shi, ba zai dawo ba. Emeka dai ya ce in faɗa miki akwai tebur a shagonsa da ba kowa a kai, duk ranar da kika ga dama.

Ban rubuto don in ce ki sauka daga mota ki dawo ba. Na ba da umarni a kan aikinki sau ɗaya, kin ga abin da ya haifar. Ki je wurin gwaggonki, ki huta, ki taya ta, ki yi haƙuri da surutunta. In kin zauna kin ga sayar da atamfa ya kwanta miki, Allah ya sa albarka. In za ki bar kwamfuta, ki bar ta don kin gaji da ita. Amma kada ki bar ta don kina tsammanin hannunki ya ci amanarki ko kanki ya ruɗe. Abin da kika tuna, haka ya faru. Duk matakin da kika bi daidai ne, ba ki yi kuskure ko ɗaya ba sai na jin maganata.

Na san za ki ce me ya hana ni faɗa miki baki da baki, ga ki a gida har gobe. Na gwada jiya da na dawo. Kina ninke kaya kika ɗago kika ce, "Baba, sannu da zuwa, in kawo ruwa?" Sai na ce e, kawo. Na iya tsayawa a gaban mutanen Kakuri ba hula, amma na kasa tsayawa a gabanki. Wannan ma ki ƙara a cikin laifofina. A wurinmu ba a saba uba ya roƙi 'yarsa gafara ba, ni ma ban taɓa jin nawa uban ya yi ba, don haka ban san yadda ake tsara maganar ba. Rahila, na cuce ki. Ki yafe mini, in kin iya, lokacin da kika iya.

In kun sauka ki kira ni. Ba sai kin ce komai ba. Ko shiru za ki yi, zan riƙe wayar a kunnena har sai ke kika kashe.

Ubangiji ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga mugun mutum da mugun direba, ya haɗa ki da masu faɗa miki gaskiya da wuri. Ya sa albarka a hannuwanki duk abin da suka taɓa. Ki gaida gwaggonki Saratu da mutanen gidanta. Mamanki tana gaishe ki, ni kuwa har yanzu ba ta yi mini magana.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus